Akwatin Wasan Ila Mai Radiyo

A Tanut, a shekarun tamanin, duk wanda radiyonsa ya yi shiru ya san inda zai kai shi. Zauren Ila ne, wanda ke kallon hanyar Agadas, daf da inda manyan kamyo ke tsayawa direbobi su sha ruwa su duba taya. Ba allo a ƙofar, ba suna. Tarin matattun radiyo da ke rataye jikin bango su ne alama.

Ila ba ɗan Tanut ba ne na asali. A Ollelewa aka haife shi, gidan manoman gero, kuma har ya kai shekara talatin bai san wata sana'a ba ban da noma. Farin 1973 ne ya tashe shi. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, awakin gidan suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ya kai matarsa Tabawa da ƴarsu Rabi gidan surukansa, ya nufi Damagaram neman abin da za a ci. Ya yi dako a tasha. Idan rana ta take, yakan fake a inuwar rumfar wani tsoho mai gyaran radiyo, yana kallon hannunsa. Daga kallo aka fara cewa miƙo wancan, riƙe wannan. Shekara huɗu ya yi a rumfar, sannan ya dawo yankinsu na Damargu da akwatin kayan aiki, ya ɗauko iyalinsa, suka zauna a Tanut.

Mutum ne marar yawan magana, mai tsoron kunya fiye da tsoron yunwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen liƙi da yake gasawa a kan gawayi, da dalma, da turnabis uku, wato sukurudireba, da na'urar awon wuta mai allura. Amma ba a taɓa jin ya mayar wa mutum radiyo ya ce ya gagare shi ba.

Bayan ƙaramar sallar 1988, abokinsa Attahir, direban kamyo mai zuwa arewa, ya shigo zauren da wani abu naɗe a tsohon rawani. Ya warware shi a kan tebur. Wani akwatin roba ne da ya fashe gida uku, cikinsa akwai faranti kore mai ƙananan kaya jere.

Attahir ya ce, "Gwani, ga aikinka. A can arewa na same shi, buhu ya faɗo masa. Abin wasa ne. Ana haɗa shi da tele, mutum biyu su buga ƙwallo a jikin gilashi. Da idona na gani."

Ila ya juya farantin. A tsakiyarsa akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, kamar shanshani. Bai taɓa ganin irinsa a cikin radiyo ba.

Ya ce, "Ina abin da ake riƙewa a buga?"

"Sun ɓace. Shi ya sa na kawo maka."

Mako biyu Ila ya yi a kansa. Yana da wata ƙaramar tele baƙi da fari mai aiki da batirin mota. Kafinta ya haɗa masa akwatin katako, ya zaunar da telen a sama, farantin a ƙasa. Ya ciro abin rage ƙarfin wuta daga wata matacciyar kaset ta mota, don kada batir ya ƙone farantin. Maimakon abin riƙewa, ya cire makunnin ƙara murya na radiyo biyu ya kafa su a gaban akwatin, ɗaya dama ɗaya hagu. Wayoyi sun fi ashirin, duk shi ya liƙa su da dalma. Ya jingina teburin da bangon zauren na ciki, ya haɗa batir, ya ce bisimilla.

Gilashin ya yi haske. Sanduna biyu farare suka fito, ɗaya a kowane gefe, da wani ɗigo yana kai da komo tsakaninsu, da lamba biyu a sama. Ya murɗa makunni, sanda ta hau. Ya murɗa baya, ta sauko. Ɗigon ya bugi sandar, akwatin ya ce ƙit. Ila ya zauna a kan benci yana kallo.

Kafin kwana uku labari ya gama gari. Da la'asar ta yi sai zauren ya cika: direbobi, da teloli, da wani jandarma da ya tashi aiki, da Mushe Mailafiya (Mushe ake kiran malaman boko a nan), shugaban lakwal, wato makarantar unguwa, mutumin Damagaram mai tabarau da son gardama. Manya masu gemu suna murɗa makunni suna ihu kamar a filin kokawa.

Ran kwana na huɗu, Attahir da Mushe suna tsakiyar wasa, Attahir na da goma sha uku Mushe na da goma sha biyu, sai gilashin ya yamutse. Layuka suka yi ta gudu, sanduna suka ɓace. Da hoton ya dawo, lambobi biyun duk sun koma sifiri.

Attahir ya daki cinya. "Gwani, ka haɗa baki da Mushe ke nan!"

Aka yi dariya. Ila ma ya yi murmushi, ya ce batir ne ya yi sanyi. Aka sake farawa. Ba a yi minti biyar ba abin ya sake ɗaukewa.

Washegari da hantsi, zauren ba kowa, ya auna batirin. Allura ta nuna lafiya lau. Ya kunna akwatin ya zauna gabansa. Awa ɗaya, awa biyu, har azahar, ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ji daɗi, ya ɗauka abin ya wuce. Da la'asar jama'a suka taru, sau shida yana ɗaukewa kafin magariba.

Daga nan aka shiga bin laifi. Attahir ya ciro batirin kamyonsa sabo fil, aka haɗa. Ya ɗauke. Ila ya ce to zafi ne, don ranar Tanut ta watan nan ko ƙarfe ba ya jure mata, ga numfashin mutum ashirin a zaure ɗaya. Ya huda ramuka a bayan akwatin, ya jiƙa buhu ya rataya a taga yadda ake sanyaya tulu. Ran nan sau biyu kaɗai ya ɗauke, har ya fara cewa alhamdulillahi. Washegari ya ɗauke sau tara. Ya canza makunni biyun. Ya canza abin rage wutar. Ya goge farantin da gashin kaza. Ya canza wayar da ke tafiya zuwa tele. Kowane gyara sai ya ba shi rabin yini na kwanciyar rai, la'asar ta zo ta ƙwace.

Wani tela ya ce abin da ya ratso hamada ba a rasa shi da iska, ya kawo laya ya ɗaura jikin akwatin. Ila bai hana ba. Mushe Mailafiya kuwa ya sunkuya da tabaransa ya nuna baƙin abin nan mai ƙafafu.

Ya ce, "Malam Ila, wannan shi ne ƙwaƙwalwar. In ita ce ta taɓu, ba a gyara ta, sai dai a canza."

"A Damagaram za a samu?"

"Ko a Kano ban yi maka alkawari ba."

Ila ya ƙura wa farantin ido. Kamar hakan bai isa ba, Mushe ya gyara murya ya ce akwai wata magana. Ƙarshen watan Yuni za a yi bikin rufe lakwal, sufurefe, mai mulkin gundumar Tanut, da kansa zai zo. Shi kuwa tun ranar farko da ya ga akwatin ya riga ya faɗa a ofis cewa wani mutumin Damargu ya ƙera na'urar wasa da hannunsa, kuma za a nuna ta a bikin. An sa a takarda.

Ila ya ce, "Haba Mushe! Da ka tambaye ni."

"Ai saura kwana goma sha biyu. Me ya taɓa gagarar ka?"

Maganar nan ta ƙarshe ita ta fi yi masa nauyi, domin akwai abin da Ila bai gaya wa kowa ba. Kusan shekara guda ke nan idanunsa na yi masa wasa. Daga nesa yana gane mutum tun yana bakin tasha. Amma abin da ke tafin hannunsa sai ya yi hazo-hazo. Ƙananan lambobin da ke jikin kayan radiyo sun daina karantuwa sai ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya fita bakin ƙofa cikin rana. Rabin aikinsa yanzu da yatsa yake yi, da sabo. Watan jiya wani Buzu ya dawo masa da radiyo har sau biyu, abin da ba a taɓa yi ba. A ransa ya riga ya yanke cewa makanta ce ke tafe. Kakansa ya makance, ya tuna yadda ake jan sa da sanda a Ollelewa. Gona ta riga ta fita hannunsa. In ido ya tafi, me ya rage?

Saboda haka duk lokacin da gilashin ya yamutse, ba akwatin kaɗai yake gani ba. Ya rage cin abinci. A sallar azahar ya fara mance ko raka'a ta nawa yake. Radiyoyin mutane suka taru a kusurwa bai taɓa su ba. Da ya ji an yi sallama gabansa sai ya faɗi, ko mai radiyo ne, ko Mushe ne ya zo jin labari. Ya fara jin ana cewa a tasha, cikin raha, gwani ya gamu da gwaninsa. Masu faɗa ba su nufi komai ba. Shi kuwa kamar ana zare masa laka.

Saura kwana biyar, ya rufe zauren ya ce yau ba wasa. Ya kunna akwatin bayan la'asar, shi kaɗai, ba ihu ba turereniya. Ya ce a ransa in yawan jama'a ne ke kawo abin, yau zai gani. Bai daɗe da zama ba ya ɗauke. Ya sake kunnawa, ya ɗauke. Ila ya ɗora kai a kan tebur.

Nan Tabawa ta same shi. Ta shigo ta ƙofar cikin gida da kwanon fura, hannunta duk gari. Ba ta saba shiga zaure ba, amma yau ta ji shiru ya yi yawa.

Ta ce, "Baban Rabi, kwana nawa ke nan kwanonka na dawo mini a cike?"

"Ajiye, zan sha."

Ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallon gilashin, inda ɗigon ke ta kai da komo lafiya lau.

Ta ce, "Ga shi yana yi."

"Yanzu yana yi. Ki juya baya ya ɗauke. Da safe ya yini ƙalau, da la'asar ya haukace. Na canza duk abin da ke canzuwa."

Tabawa ta ajiye kwanon. Sai ta ce, "Ni dai akwai abin da na lura, amma ban sani ba ko magana ce. Kullum in na sa taɓarya a turmi, ba na yin nisa sai in ji mutanenka sun ɗau salati. Har na ce wa Rabi kamar da dakana suke jira. Yau ba su nan, amma kai na ji kana tsaki."

Ila ya ɗago kai. "Ina turmin yake?"

"Inda yake tun da zafin nan ya shigo. Bayan bangon nan, nan ne inuwa da yamma."

Ya dubi bangon, ya dubi teburin da ke jingine da shi. Ya ce, "Koma ki daka. Ki yi uku ki tsaya."

Ta koma. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin. Dum. Ya ji shi a hannunsa, kaɗan, kamar bugun jijiya. Dum. Dum. Hoton ya girgiza ya tsaya. Ya ɗaga murya ya ce ta ci gaba. A bugu na bakwai gilashin ya yamutse, lambobi suka koma sifiri. Sau uku suna gwadawa, sau uku yana ɗaukewa. Ya tuna masu wasa da ke dukan tebur in an ci su. Ya tuna kamyo mai kaya in ta wuce ƙasa ta yi rawa. Ashe ba zafi ba ne, ba batir ba. Wani liƙi ne ya tsage a ciki, yana taɓawa yana saki.

Murna ta taso masa, ta koma nan take. Liƙin da ke cikin akwatin nan, in ban da na masu ƙera farantin, duk nasa ne. Kuma ya duba su ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, bai ga komai ba.

Ya kwance farantin ya fito da shi tsakar gida, inda rana ke da saura. Ya miƙe hannu, ya matso da shi, ya runtse ido ɗaya. Ɗige-ɗigen dalma suka haɗe masa wuri guda, suna ƙyalli. Tabawa ta jingine taɓarya tana kallonsa.

A hankali ta ce, "Ba ka gani, ko?"

Ya sauke farantin.

Ta ce, "Na daɗe da sani. Tun ran da ka ba ni allura ka ce in zura maka zare wai hannunka na da mai."

Ila ya zauna a kan wani tsohon turmi da ke kife a gefe. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tabawa, ina jin ciwon Kaka ne ya biyo ni."

"Allah ya kiyaye. Kawo in gani. Me zan nema?"

Ya gaya mata. Kowane ɗigon dalma ya kamata ya zama sumul, ya rungume wayarsa. Ta nemi wanda ke da tsaga, ko da ta kai siririn gashi. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Mace ce mai saƙar faifai, idonta ya saba da ƙananan abubuwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinken kaba, shi yana tsaye a kanta, zufa na bin bayansa. Ta wuce goma ba ta ce komai ba. Ya fara tunanin ko Mushe ne ke da gaskiya, ƙwaƙwalwar ce.

Sai ta ce, "Wannan jar wayar. Akwai zobe baƙi kewaye da gindinta. Duba, in na taɓa tana motsi."

Ita ce wayar da ke kawo wuta cikin farantin. Shi ya liƙa ta, ranar farko.

Ya hura gawayi ya gasa ƙarfe. Da ya zo ɗorawa sai hannunsa ya tsaya. Ɗigon na kusa da ƙafafun baƙin abin nan. In dalma ta zarce ta haɗa ƙafa biyu, shi ke nan an gama. Ya mayar da ƙarfen cikin wuta. Ya shiga ɗaki ya sa riga, ya nufi gidan Mushe Mailafiya. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu yana tsayawa kamar zai juya.

Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran takardun jarrabawa. Bayan gaisuwa Ila ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke tafe da shi, duka, har da maganar kakansa.

Mushe ya ajiye biro. "Shekarunka nawa, Malam Ila?"

"Arba'in da biyar, ko da shida."

"Nesa kana gani?"

"Tar."

Mushe ya cire tabaransa ya miƙa masa, tare da takarda ɗaya. "Sa ka duba."

Ila ya sa. Bai iya karatun faransanci ba, amma ga baƙaƙen nan sun fito ɗaya-ɗaya, kowane da bakinsa, har da inda biro ya yi tsalle. Ya dubi tafin hannunsa, ya ga zanen fata da tabon ƙuna da ya daɗe bai gani ba.

Mushe ya ce, "Ni ba likita ba ne, kuma sai ka je an duba ka. Amma ni ma haka ya fara mini a shekarunka. Shekara guda kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

Da tabaran Mushe a hancinsa ya yi liƙin, kafin rana ta faɗi. Ya sake wasu uku da bai yarda da su ba. Ya mayar da farantin, ya sa guntun roba na tayar mota a ƙarƙashinsa. Tabawa ta yi daka har gero ya zama gari, Attahir da aka kira ya yi ta dukan teburin da tafi biyu. Hoton bai motsa ba.

Duk da haka hankalin Ila bai kwanta ba. Ya riga ya sha ganin gyaran da ke yin kwana ɗaya. Ranar bikin aka ɗora akwatin a amalanken jaki, yana tafe a gefe yana riƙe da shi, kowane rami aka faɗa sai ya ji a ƙirjinsa. A farfajiyar lakwal aka kafa shi ƙarƙashin rumfa. Makaɗa suka zo suka tsaya kusa da teburin da gangunansu, ya so ya ce su matsa, kunya ta hana shi. Aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka. Sannan sufurefe ya taso ya kama makunnin dama, Mushe ya kama na hagu.

Ila bai kalli wasan ba. Lambobin sama kaɗai yake kallo, bakinsa na motsi. Uku da biyu. Bakwai da bakwai. Ganga na tashi, ƴan lakwal na tsalle, ƙasa na rawa. Goma sha ɗaya da tara. Sai da sufurefe ya kai goma sha biyar aka ɗau tafi, sannan Ila ya lura ya cije leɓensa har ya fashe. Sufurefe ya ba shi hannu ya tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu. Ya ce a tashar Damagaram, ranka ya daɗe.

Da damina ta kama, Attahir ya ɗauke shi zuwa Damagaram aka duba idon. Aka ce shekaru ne, aka ba shi nasa tabarau mai baƙin kewaye. Ya dawo ya bi radiyoyin da suka taru ɗaya bayan ɗaya, ya gama su cikin mako.

Akwatin ya yi shekara ɗaya da ƴan watanni yana aiki. Wata rana Ila ya tafi jana'iza Falanko, wani baƙon direba ya matsu ya yi wasa, ya haɗa batir a juye. Hayaƙi ya fito. Wannan karon ƙwaƙwalwar ce da gaske, kuma duk cigiyar da Attahir ya yi a hanya ba a samu irinta ba. Ila ya ji zafi kwana biyu, sannan ya cire telen ya ci gaba da amfani da ita. Akwatin katakon kuwa Rabi ta roƙa aka ba ta. Da aka kai ta ɗakinta a Belbeji, a ciki ta jera kwanoninta.